Tauraron da Bai Dushe Ba

Talata, sha ɗaya ga Maris, ƙarfe uku da kwata na rana — lokacin ne Dakta Rwang ya buɗe baki a ɗakin taro, kuma har yanzu, yana nan zaune, bai ga abin nadama ba. Nadamar me? Tauraron da suke ta cewa ya dushe, bai dushe ba. Na'urar ce ta tsufa.

Shekara da shekaru madubin hangen taurarin yana shawagi can sama, yana rarraba haske launi-launi, ganinsa na raguwa kaɗan-kaɗan ta wajen shuɗi... wa bai sani ba a sashen nan? Shi ya sa duk wata ake juya shi ya kalli wani farin tauraro da haskensa ba ya canzawa, a ga iyakar raunin da ya yi. Ake juyawa — a da. Wa ya soke? Farfesa Abdul-Nasir, shugaban ƙungiya, mai takalmi ƙwas-ƙwas. Wai ɓata lokacin na'ura ne. Ɓata lokaci!

Sikelin acca a makarantar mishan, yana yaro, wayar sikelin ta saki... duk Litinin wata Baturiya takan fara rataya masa dunƙulen ƙarfe na gwaji kafin a auna wa kowa abinci, sanyin Filato, su a layi, ciki na kuka — ba wanda ya ce ɓata lokaci.

To yau ya faɗa. Gaban kowa. Ya haska zanen a bango, ya bi shi layi-layi da sanda, bai ɗaga murya ba, ba a koya masa ihu ba. Ya so ya ga fuskar Abdul-Nasir ta zube. Me ya gani? Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya duba agogo. Yana da wasu taurarin, shi.

Ita kuwa... wa ya aike ta? Ihsan, ɗalibarsu, shekara huɗu tana gina digirinta kan dushewar nan, wai ƙura ce ke kewaye tauraron. Ƙura! Yaran yanzu, duk abin da kwamfuta ta tofo sai su haɗiye. Da safen nan a tashar jirgin ƙasa ta Abbey Wood, ta zo da masa a leda, da ɗuminta — "Baba, an yi booking ranar viva ɗina, ranar da zan kare digirina. Kar ka ce min ƙafa na ciwo, ko a keke sai na turo ka!"

Ya karɓi masar. Tun Juma'a ya sani. Tafiyar jirgi guda, kujera kusa da kujera, da Hausa, ba mai jin su... kalma nawa ce? A'a — ya adana ta, don ƙarfe uku, don mai takalmi. Da ya gaya mata da ta sanar da Farfesa, da ya shigo a shirye, da...

Gaskiya ce dai. Ai gaskiya ce. Ba shi ya tsufar da na'urar ba.

A ɗakin taron Ihsan ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai, ta fita.

Waɗanda suka rage a ɗakin: shi, Fusena mai shara, tana jira ya ɗaga ƙafa, zanen a bango, ba wanda ya kashe, jakar Ihsan a kan kujera — dole ta dawo ta ɗauka, kuma bai san ko zama zai yi ko tashi ba.