Ranar da Na Dirje Kifin Tagulla

"Shekara bakwai ina jiran koren nan ya zauna, ta zo ta kankare shi a wuni ɗaya!"

Maƙerin ke nan yake faɗa wa ogana, yana nuna ni da sanda kamar an kama ɓarauniya.

Ni dai ina tsaye da tsintsiyata. Shara nake yi a lambun shaƙatawa, da ita nake riƙe yara huɗu tun rasuwar babansu. A tsakiyar lambun akwai ƙaton kifin tagulla da tsohon nan ya ƙera. Tunda na kama aiki ban ga wanda ya taɓa shi ba. Ofis su ce kula da shi na maƙeri ne, maƙeri ya ce nasu ne. Kifi ya yi kore shar, ga kashin tsuntsaye. Ni kuwa ko tukunya ba ta kwana haka a gidana. Jiya na zo da soson ƙarfe da lemun tsami, na yi bismilla, na dirje shi tun hantsi har la'asar. Ya fito jawur yana ƙyalli.

"Baba, datti na gani," na ce. "Tsafta ai cikon addini ce."

"Datti? Rigarsa kika tuɓe, baiwar Allah! Ita ke kare shi daga ruwa."



Oga ya gyara tsayuwa. "A takardar yarjejeniya an rubuta kada a taɓa shi sai da izini."

"An kuma rubuta ku wanke shi da ruwa zalla sau biyu a shekara," in ji tsohon. "Kun taɓa yi? Kun ma gaya mata?"

Sai Oga ya juyo kaina. Dama inda katanga ta gajarta nan ake tsallakawa.

"Gobe manya za su tambaye ni wanda ya yi. Kawo makullin ɗakin kaya."

Makullin na ƙulle a bakin zanena. Ƙullin ya ƙi kwantuwa. Na dubi tsohon, yana shafa bayan kifin.

"Baba, koren zai dawo?"

"Idan Allah ya ara mini wasu bakwai ɗin."

Oga na nan da hannu a miƙe. Na durƙusa gaban tsohon.

"Ni ban san takarda ba, Baba, kai ka sani. Don girman Allah, ka sa baki ya bar ni in zo aiki gobe."