Wasiƙa Saba'in da Uku a Layin Firinta

Ranar Asabar da hantsi Baba ya kira babbar 'yarsa ta zo ta ga aika-aikar da ta yi masa. Ita ta sa wa kwamfutar teburinsa manhajar nan ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Yanzu in ya danna abu, sai ya shanye shayinsa kafin ya buɗe.

"Kayan kyauta ke nan," in ji shi.

Ta busa ƙurar fankar kwamfutar, ta duba ma'ajiya ta ga da sauran wuri. Da ta buɗe jerin ayyukan da ke gudana, sai ga guda ɗaya ya cinye ƙarfin injin kaf: aikin firinta. Takarda saba'in da uku ke jira a layi, duk wasiƙa ɗaya ce zuwa ga Baffa, ƙanin Baba, wanda rabon su da gaisawa shekara huɗu.

Ta leƙa bayan tebur. Ga wayar firintar a ƙasa, an naɗe ta tsaf har da ɗaurin roba.

"Baba, kullum kana danna bugawa alhali ka cire wayar?"

Ya hau goge tabarau. "Ke dai yi abin da ya kawo ki."

"Gyaran biyu ne. Ko in goge su duka, ko in jona wayar."

Ya mayar da tabarau a idonsa.

"Akwai takarda a durowar ƙasa," ya ce. "Guda ɗaya ta isa."