Wasan Taubashi a Kangon Bature

Muntasir bai iya wasa ba sai wanda zai bar tabo. Ɗan kawun Rufaida ne, wato taubashinta, kuma tun suna yara a Gwammaja ya gane cewa duk abin da ya yi mata ba shi da hukunci. Ya ɓoye mata takalmi ranar jarrabawa, ya zuba mata barkono a kunu, in ta kai ƙara sai manya su yi dariya su ce ai ba a fushi da taubashi. Haka ta girma tana haɗiye kuka. Da ta samu tallafin karatu ta taho Kuala Lumpur yin digiri na biyu, ta ɗauka ta rabu da ƙaya, ashe Alhaji kawunta ya riga ya biya wa ɗan lelensa wata kwaleji mai zaman kanta a garin. Muntasir ya sauka a unguwar Cheras da wayoyi biyu, ba ya aikin komai sai ɗaukar bidiyo, kuma har a nan baiwarsa yake kiranta.

Abu ɗaya ya sani game da ita wanda babu wanda ya sani a duk Malesiya: Rufaida tana da farfaɗiya. A gida an rufe maganar ruf, ko sunan ciwon ba a faɗa, sai dai a ce "larurar nan". Da magani ta yi shekaru bai tashi ba. Amma ga Adnan, ɗalibin digiri na uku a fannin lafiyar al'umma, mutum mai sanyin murya da guga a riga, ya ce manyansa za su je Kano bayan Sallah. Tana son sa sosai, irin son da ke hana mutum cin abinci. Ta ƙudurta ba za ta bari a ɗaura aure a kan ɓoye-ɓoye ba, da bakinta za ta gaya masa, kuma ta yi imani mai irin karatunsa ba zai gudu ba. Wurin faɗa kawai take nema, inda babu kunnuwan mutane.

Muntasir ne ya kawo maganar kangon. Ya ce can arewa da gari, cikin gonakin kwakwar manja, akwai wani gini da wani Bature mai gonar roba ya yi shigen fadojin sarakunan ƙasarsu na dā, da hasumiya da ganuwa, ya karye ya gudu ya bar shi. Rufaida ta yi sati tana kwana a kan rubutun bincikenta, idonta kamar an zuba yashi, amma da ta ji akwai hasumiya sai ta ce za ta je. A can sama za ta gaya wa Adnan.

Ranar Asabar Adnan ya yi hayar mota. Su huɗu ne, har da Zuhra, wadda suke ɗaki ɗaya da Rufaida a unguwar Sri Petaling. Sun tsaya a shagon abinci na mamak sun yi tapau, wato ƙunshin tafiya, na shinkafa da kaza, Adnan ya saya wa Rufaida shayi mai madara ba tare da ta tambaya ba. A ƙafarsa akwai takalmin fata ɗinkin Kano da ta aika aka kawo masa. Ta lura, ta ji daɗi.

Ginin ya fi yadda Muntasir ya kwatanta muni da kyau. Saiwoyin bishiya sun shaƙe bangon, gansakuka ta rufe duwatsun, tagogin sirara ne, hannu kawai zai iya shiga. Birai na zaune a kan ganuwa suna kallonsu kamar masu gida. Ciki warin kashin jemage ne da laima, ga zafin rana da ke sa riga ta manne a baya. Suka zaga ɗakunan da babu rufi, suka leƙa wata rijiya da ta cika da ganye, Zuhra tana ta bisimilla a kowace ƙofa, Adnan yana karanta sunayen da masoya suka kankare a bango. Rufaida ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Da suka zo gindin hasumiyar, Adnan ya koma mota ɗauko ruwa. Muntasir ya ce wa Rufaida ya hau ɗazu, matakalar ta gefen hagu ce, ta riga su ta kama wuri mai iska. Ta san halinsa, ta san bai taɓa nuna mata hanyar alheri ba, amma zuciyarta na can sama tana jera kalmomin da za ta faɗa. Ta shiga. Ba matakala ba ce, wani ɗan ɗaki ne mara taga. Kafin ta juya ƙofar ƙarfen ta rufe a bayanta.

Duhun ya yi mata nauyi. Jemagu suka tashi gaba ɗaya suna bugun fuskarta da gyalenta. Ta ƙasan ƙofa wata murya ta fara gurnani daga waya, irin ta masu aljanu, hasken tocila yana walƙiya yana ɗaukewa ta wata tsaga. Ta buga ƙofar da hannu biyu.

"Muntasir, don girman Allah ka buɗe. Ka san abin da ke damuna."

"Relax lah, baiwata," ya ce yana dariya. "Content ne kawai. Ƙara ihun kaɗan."

Ya sani. Yana gidansu ranar da ta faɗi a tsakar gida suna yara, ya san rashin barci da firgita su ne ke taso shi. Ta ji ɗanɗanon ƙarfe a harshenta, alamar da ta fi tsoro a duniya. Ƙofar ta buɗe, rana ta soke mata ido, ta hango Adnan yana tahowa da robobin ruwa. Daga nan ba ta san komai ba.

Ta farka a kan duwatsu, leɓenta a fashe, ƙeyarta na zafi, siket ɗinta a jiƙe. Su ukun suna tsaye nesa da ita, kowa ya bar fili tsakaninsa da ita. Babu wanda ya sa mata ko jaka a ƙarƙashin kai. Zuhra ta cillo mata zane daga inda take, ta ce ta rufa. Adnan ya tambaye ta ya jiki cikin muryarsa mai sanyi, ya ajiye robar ruwa a ƙasa ya ce ta sha. Ita ta tashi da kanta, tana dafa bango.

A mota Zuhra ta ce jiri take ji, gaba za ta zauna. Rufaida ta zauna a baya, Muntasir ya manne da ɗaya ƙofar yana danna waya. Ta kira mahaifiyarta don ta ji muryar wani nata, tana magana ƙasa-ƙasa. Hajiya ta yi salati, ta tambaya ko yaron nan Adnan ya gani, sannan ta roƙe ta kada ta ɗaga maganar, kawunta ne ya riƙe su tun rasuwar babanta, kuma ai ta san ba a fushi da taubashi. Rufaida ta kashe wayar.

Duk da haka ba ta fid da rai ba. Ta ce a ranta Adnan ya firgita ne kawai, kowa zai firgita. Mutumin da ya rubuta takarda a kan yadda jahilci ke kashe marasa lafiya ba zai yarda da maganar tsofaffi ba, wai wanda kumfar bakin mai farfaɗiya ta taɓa shi ma ya ɗauka. Za ta ba shi kwana biyu, sannan ta yi masa bayani.

Wayarta ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Saƙonni ne daga zauren hira na ɗaliban Najeriya. Muntasir ya saka bidiyon tun suna kangon, ya rubuta a ƙasa cewa aljanun Bature sun kama baiwarsa, har da fuskokin dariya. Bai kamata ta buɗe ba, amma ta buɗe. Ta ga kanta a ƙasa tana fizga, kanta yana bugun dutse. Ta ga Adnan ya yar da robobin ya rugo, har ya durƙusa, har ya miƙa hannu. Sai kumfa ta fito daga bakinta ta ɗiga a kan takalminsa. Ya janye hannun. Ya tashi da baya da baya, ya goga ƙafar a ciyawa, ya sake gogawa, kanta kuwa yana ta bugun dutsen. A nan bidiyon ya ƙare.

"Kin yi trending fa," in ji Muntasir. "Ko godiya babu?"

Dogayen benayen gari sun fara bayyana a gaba, Adnan ya kunna rediyo ya ƙara murya. Rufaida ta sunkuya kaɗan ta leƙa ta tsakanin kujeru. Da safa yake tuƙi.

"Yaya Adnan, ina takalminka?"

Bai dubi madubi ba. Ya ce laka ce ta ɓata shi, ya bar shi a can.