Gefen da Baba Ya Ƙi Yarwa

Akwati na tara Baba Mai Gefe yake ɗorawa a kan amalanke sa'ad da ƙaramar likita ta faɗo sito a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya tsaya a matakala. Wani ɗan siririn gilashi ne a hannunta, ta ɗaga shi sama kamar ta tsinci zinariya.

"Baba, ajiye akwatin nan. Don Allah ajiye."

Bai ajiye ba. Ya ce mata umarnin shugaban sashe ne: kafin azahar a kwashe tsofaffin gilasan nan duka a zubar, za a sa sabuwar na'ura a ɗakin. Motar kwasa ma tana waje.

Shekara goma sha tara Baba ya yi a ɗakin gwajin asibitin. In an ciro ƙari daga huhun mai ciwon daji, shi ke daskarar da naman cikin kaki, ya yanka shi ya fi ɓawon albasa siranta, ya rina, ya manna a gilashi don likitoci su duba a madubin ƙara girman abu. Ƙa'idar sashen ita ce a ɗauki tsakiyar ƙarin, a yar da abin da ke kewaye. Shi kuwa ɗan tela ne, ya tashi yana ganin mahaifinsa ba ya yanka yadi sai ya bar baki, hannunsa kuma ya ƙi mantawa. Kullum sai ya haɗo da naman gefe. Aka ce yana ɓarnar rini da gilashi, aka laƙaba masa suna don a ji daɗin dariya. Daga ƙarshe aka karɓe wuƙar, aka mai da shi tsaron sito.

Tana haki ta yi masa bayani. Wata uku ke nan tana duba gilasai arba'in da ta ara a wurinsa, tana haɗa kowanne da fayil ɗin mai shi. Ba ƙarin take kallo ba, ƙwayoyin da ke zagaye da shi take ƙirgawa, waɗanda aikinsu shi ne saƙa zaren da ke ɗaure naman jiki. Masaƙa take ce musu. Inda masaƙan suka yi wa ƙari katanga mai kauri, yawancin masu ciwon ba su kai shekara biyu ba. Inda suke jefi-jefi, da dama sun daɗe. Akwai ma wadda har yau tana zuwa asibiti da jikarta a goye.

"Arba'in ba hujja ba ce, Baba. Gilasai ɗari shidan da ke cikin akwatunan nan nake bukata. Sababbin gilasai ba su da amfani a wurina, an aske musu gefe tas."

Baba ya zauna a kan akwati, ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ashe ɓarnata za ta yi rana."

Ta kira shugaban a waya. Ya sauko fuska a ɗaure, yana duba agogo, yana cewa direba ba zai kwana yana jiran wasan yara ba. Ba ta yi gardama ba. Ta jawo tsohon madubi kan teburin Baba, ta nuna masa abin da zai nema, ta rufe lambobin gilasan da yatsa, ta ce ya faɗi wanne mai ciwo ne ya daɗe.

Ya duba na farko, ya faɗa, ta buɗe fayil: daidai. Na biyu ma haka. Kafin na biyar ya cire tabarau, ya naɗe hannun riga, ya manta da agogo, shi da kansa yake miƙo hannu yana cewa ta yi sauri. Cikin goma ya ci takwas. Ya miƙe har kujera ta faɗi, ya buɗe taga ya ƙwala wa direba kira, ya ce masa ya tafi abinsa.

Sannan ya gyara wuyan riga, ya dubi su biyun.

"Ai ni na sha faɗa a sashen nan, a riƙa barin gefe."

Ko ido bai ƙifta ba. Mutum ya girma, ya yi karatu, amma kalmar "na yi kuskure" ta fi ƙarfin bakinsa.

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Baba.

Da shugaban ya fita neman masu taya ta ƙirga, likitar ta tura madubin don a sami wurin jera akwatuna. Teburin ya yi rawa, wata takarda mai ninki huɗu ta zame daga ƙarƙashin gajeriyar ƙafarsa. Ta buɗe. Takardar gargaɗi ce ta ƙarshe, a kan ɓarnar kayan aiki ta hanyar barin gefe, ga sa hannun shugaban nan raɗau a ƙasa.

Ta ɗago ta dubi Baba. Shi kuwa ya riga ya durƙusa yana kwance igiyar akwatin farko.

"Mayar da ita, 'yata," ya ce. "Ita ke riƙe da teburin. Daga wace lamba za mu fara?"