Hannun Baba Garga

Shekara talatin Baba Garga yana duba bunsuru a unguwar Briketeri. Mahauci ne a da, amma ko bayan da ya ajiye wuƙa, duk mai son sayen bunsurun barbara sai ya biyo ta ƙofar gidansa. Ya buɗe bakin dabba ya ga haƙora, ya sa ta taka ya ga ƙafafu, sannan ya tsuguna ya kama maraina a tafin hannu. In sun zo daidai, da tauri kaɗan, ba kumburi, sai ya ce a kai wa awaki. Ba a taɓa jin maganarsa ta faɗi ƙasa ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun daminar bara yatsunsa suka fara mutuwa. Da fari kamar tafiyar tururuwa, daga baya shiru. Carbi ma sai ya duba da ido ya san ya ja. Ko matarsa bai faɗa wa ba.

Ranar wata Talata Jaratu ta yi sallama. Matar marigayi Na'Allah tela ce, ɗan aminin Garga, wanda ya bar ta da yara uku da awaki huɗu a bayan ɗaki.

"Baba, an sauke wani bunsuru a kasuwar Mokolo, jirgin ƙasan Ngaundere ya kawo shi. Na sayar da keken ɗinkin mai gidana don shi. Ba zan karɓa ba sai ka taɓa."

Suka bi jan taɓo har kasuwa. Bunsurun ja ne, mai faɗin ƙirji, warinsa tun daga nesa. Haƙora lafiya, tafiya lafiya. Garga ya tsuguna ya sa hannu. Bai ji komai ba. Ya matsa, ya juya, kamar ya kama iska. Dillalai sun kewaye shi, wani yana gaya wa baƙon da ya kawo dabbar, "Wannan tsohon da kake gani, hannunsa ya fi na dokta."

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe ya karkaɗe riga.

"Ɗauki abinki, ɗiyata. Lafiyarsa ƙalau."

Bunsuru ya hau awakin duka huɗu. Bayan sati uku suka sake kuka suna kaɗa wutsiya, alamar ba su ɗauki ciki ba. Ya sake hawa, suka sake dawowa. Duk sanda Garga ya wuce ta lungun su Jaratu zuwa masallaci sai ya ji kukan, ya ƙara sauri. Maƙwabta suka ce laifin awakin ne, wasu suka ce baki aka yi musu. Jaratu ta yi ta ba su kanwa da dusa. Bunsuru kam ba ta zarge shi ba, tunda Baba ya taɓa.

A wata na shida ƙaninta Habu, da ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya ɗora bunsurun a amalanke zuwa wurin likitan dabbobi na gwamnati. Garga ya ce zai raka shi. Likitan saurayi ne, ya sa hannu sau ɗaya ya yi magana da Faransanci. Ya ɗebi maniyyin bunsurun ya duba a madubin awo, ya girgiza kai.

"Me ya ce?" in ji Garga.

Habu ya sunkuyar da kai. "Wai marainan, ɗayan ya ƙanƙance, ɗayan kuma akwai ƙulli kamar goro. Tsohon ciwo ne. Wai ba ya haihuwa, Baba. Wai... duk wanda ya taɓa zai ji."

Da la'asar Garga ya je gidan Jaratu. Ya ƙi tabarmar da ta shimfiɗa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ba kuskure na yi ba, Jaratu. Ranar nan ban ji komai ba. Hannun nan ya mutu tun bara. Kunyar mutane ta hana ni faɗa, na cuce ki da marayunki."

Ta dubi hannuwan da ya miƙo.

"Da ka ja ni gefe, Baba. Ni kaɗai. Wa zan gaya wa?"

"Haka ne."

Ta share ido da bakin mayafi. "Ka je lopital likita ya duba hannun?"

"A'a."

"Gobe Habu zai kai ka."

Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Bunsurun ya ƙare a hannun wani mai soya, wato mai tsire, na bakin titi. Babbar akuyar, wadda ta fi sauran nono, ta tsufa kafin a samo wani bunsurun, ba ta ƙara haihuwa ba. A lopital aka ba Garga ƙwayoyi, aka ce jijiya ce, ba ta dawowa.

Mutane ba su daina zuwa da dabbobinsu ba, don Jaratu ba ta faɗa wa kowa ba. Shi da kansa yake fitowa ya gaya musu, ɗaya bayan ɗaya, ya kwatanta musu hanyar ofishin likitan. Wasu suka ɗauka wasa yake yi, sai sun dubi fuskarsa su ja igiyarsu su tafi.