Kunkuru a Ɗakin Baƙi

Tun da aka kira a waya aka ce jami'ar duba gidaje za ta zo ranar Talata, Mai Agogo ya kasa zama wuri ɗaya. Shekara arba'in yana gyaran agogo har ido ya gaza, sai ga shi da tsufansa zai zama mai masaukin baƙi! Ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, inda 'ya'yansa maza suka tashi suka watse, shi zai riƙa ba matafiya haya, kwana biyu, kwana uku. Autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta sa hoton ɗakin a intanet, har wata mata ta kama shi daga ranar Alhamis. Sai dai doka ta ce in babu lasisi, baƙo ba zai kwana ba.

Duk abin da takarda ta ce ya yi. Ya yi rajista a ofishin haraji, aka ba shi lamba mai tsawo, ya sa ta a firam ya rataye kamar hoton aure. Ya sayo jan tulun kashe gobara. Ya liƙa na'urar jin hayaƙi a silin, ya yi ta ƙona takarda a ƙarƙashinta don kawai ya ji kukanta.

"Malam, don Allah ka bar ta ta huta," in ji matarsa. "Sau biyu maƙwabta suna fitowa da bokiti."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato Gaggawa, kunkurunsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ya tsince shi a ƙofar shago, bai fi fuskar agogon hannu ba. Tun daga nan ƙarƙashin gadon ɗakin nan ne makwancinsa, ko ina aka kai shi sai ya dawo. A takardar neman lasisi an tambaya ko akwai dabba a sashen da za a ba haya. Auta ta rubuta babu, wai ai kunkuru ba kare ba ne, shi kuma ya sa hannu. Daga baya ya hangi ƙananan rubutu a ƙasa: wanda ya faɗi abin da ba haka ba, sai ya jira shekara guda kafin ya sake nema.

Da safiyar Talata matarsa ta sa Gaggawa a bahon wanki a bayan kicin, ta rufe da tsohon zane.

Jami'ar ta iso da jaka da tef ɗin awo. Ta auna taga, ta murɗa famfo, ta duba kwanan watan da ke jikin tulun gobara. Mai Agogo yana biye da ita, baki har kunne, yana gabatar mata da kowane makunnin wuta kamar ɗan gida.

"Baba, ga littafin baƙi," ta ce. "Duk wanda ya kwana, a rubuta sunansa da lambar katinsa. Kowane kwana kuma a sanar da ofishin haraji, ko da a hannu aka ba ka kuɗin."

"Ko ɗan'uwa ne, 'yata?"

"In dai ya biya, ya zama baƙo."

Ta zauna a bakin gado, ta cire murfin biro. Zuciyarsa ta yi fari fat. Sai aka ji wani ƙarar-ƙarar a kan siminti. Wani tsohon zane ne ke tafiya da kansa, ya haura dokin ƙofa, ya doshi gado. Can wani busasshen kai ya leƙo daga ƙarƙashi.

"Ikon Allah!" in ji matarsa. "Wannan kuma daga ina? Ko na maƙwabta ne?"

Auta ta ƙura wa silin ido.

"Baba, naka ne?" in ji jami'ar.

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da lasisi. Gaggawa kuwa ya zo ya ɗora haɓarsa a kan silifas ɗinsa, yadda ya saba kullum in yana so a sosa masa wuya. Tsoho ya sunkuya ya sosa.

"Nawa ne," ya ce. "Ya riga autar nan tawa zuwa gidan nan da shekara uku. Ɗakin ma, in za a bi gaskiya, nasa ne."

Jami'ar ta danne dariya. "Allah ya taimake ka ban sa hannu ba tukuna, Baba. Doka ba ta hana dabba ba, ɓoyewa ta hana. Soke babu, ka rubuta akwai, ka sa hannu a gefe. Amma sai an sanar da baƙuwar a rubuce yanzu a gabana. In ta fasa, ba ka da ta cewa."

Ya gyara takarda. Auta ta durƙusa ta ɗauki hoton Gaggawa, da zanensa da komai, ta tura wa baƙuwar tare da bayani. Aka tsaya jiran amsa, agogon bango guda biyar suna ta ƙas-ƙas, kowanne da nasa lokacin.

Waya ta yi ƙara. Auta ta karanta, ta rufe baki, ta sake karantawa da ƙarfi: "Me yake ci? In taho masa da shi."

"Latas!" Mai Agogo ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. "Ki ce latas da ɓawon kankana! Ki ce ba ya minshari!"

Jami'ar ta sa hannu, ta buga hatimi. Kafin ta rufe jakarta ya buɗe littafin baƙi, ya rubuta Gaggawa a layin farko da manyan baƙaƙe, ya sa ranar isowa ta shekara talatin da ɗaya baya.

"Baba, shi ai ba ya biya," in ji jami'ar.

"Na sani, 'yata. Don kada a sake cewa na ɓoye shi ne."

Gurbin ranar tafiya kuwa ya bar shi haka nan.