Bututun da Aka Lulluɓe da Kindirmon Gulalai

Injiniya Sartaj Khattak ne ya lalata kindirmon Gulalai, shi da kansa, kada wani ya zo ya ce wai sanyin Peshawar ne. Sanyi ai ba bana ya fara ba.

Shekara ashirin da biyu Gulalai tana yi wa marasa lafiya kindirmo a asibitin nan. Da safe ta dafa madara, ta zuba a kaskon ƙasa tara, ta ɗiga tsohon kindirmo, ta sauka ɗakin injina ta jera su a kan babban bututun ruwan zafi. Kafin la'asar sun kama, sai an yanka da cokali. Injiniyoyi huɗu sun zo sun tafi, ba wanda ya taɓa mata bututu. Na ukun ma katako ya sa aka kafa mata don kada kasko ya zame.

Sai ga wannan, wai shi ne shugaban injina da ruwa da iskar ginin gaba ɗaya, da farar hular kwano ko ƙwarzane babu. Ya zagaya da wata 'yar na'ura, ya ce zafi yana tserewa. Cikin mako guda ya sa aka naɗe kowane bututu da auduga da kwano mai walƙiya. Gulalai ta ɗora hannu, ta ji sanyi ƙalau. Kwana biyar a jere, madara take saukarwa, madara take hawowa da ita.

Mai kula da kicin ya kira ta ya ce an kawo ƙara a rubuce. In Juma'a ta yi kindirmo bai kama ba, za a koma sayen na kamfani a roba, ita kuma ta koma gida.

Ta ɗauki kasko, ta hau bene na uku, ta dire shi a kan takardun injiniya.

"Sahib, ranka ya daɗe, ɗanɗana."

"Khala," ya ce, yadda ake kiran inna a nan, "ai na sha a abincin rana. Ruwa ne tsagwaro. Shi ya sa ma na rubuta musu..."

"Au, kai ne mai takardar?"

Ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba.

"Kai ka lulluɓe bututu kamar jariri, kai ka sha ruwan, kai ka kai ƙarata. Da me ka zaci yake kamawa, ɗan nan? Da digirinka?"

"Khala, bututu ba murhu ba ne. Babu kasko a zanen ginin."

"Kai ma na duba, babu kai a ciki."

Ya yi dariyar dole, ya ce to, za a buɗe mata kamu biyu. Sai dai a cike takarda, kwamitin gyare-gyare ya duba, kwamitin kuma sai ƙarshen wata yake zama.

"Ranar da za ka rufe, kwamiti ya zauna?"

"Wancan aikin gaggawa ne."

Juma'a jibi ce. Gulalai ta shimfiɗa mayafinta a ƙofar ofishinsa ta zauna da kaskonta, duk likitan da ya gifta sai ta miƙa masa cokali. Mutumin da ya iya rubuta takarda a kan tsohuwa bai manta rubutu ba. Dole ne ya fito ya tsaya gaban shugaban asibiti kafin Juma'a, ya faɗa da bakinsa wa ya sanyaya bututun nan.